Tambaya da Amsa kan Motoci: Ɗaura Kayan Ƙafar Baya ga Motar da Aka Ƙara wa Ƙarfi

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun fi fitowa daga masu sake wa mota fasali domin gudu ko wasan mota a filin da aka keɓe, kuma kusan dukkansu ƙafar baya ce ta ba su ciwon kai. Na zaɓi guda huɗu, na taƙaita su, na kuma bai wa ta farko fili mafi yawa saboda amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ina da BMW E46 samfurin 330i wadda nake shiryawa domin wasan mota a rufaffen fili, ko da yake nakan hau ta zuwa wurin aiki a wasu ranaku. Na yi odar shokazoba masu zaren daidaita tsayi, da hannuwan kamba (wato jinginar saman taya) da ake iya tsawaitawa ko gajartawa, da bushin na robar nan mai tauri da ake kira foliyuretan, kuma bakanikena ya ɗaura su duka a yini ɗaya. Yau mako uku ke nan, ina jin ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin but duk lokacin da na taka totur ko na sake shi, tayoyin baya suna cinyewa ta ciki, bayan motar kuma yana rawa da zarar na wuce kilomita 100. Shin kayan ne jabu, ko ɗaurin ne bai yi ba? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A cikin wasiƙarka babu abin da ya fi ɗaukar hankalina kamar kalmar nan ta "yini ɗaya", domin aikin da ka lissafa, idan za a yi shi da awo, kwance da ɗauri su ne ƙaramin ɓangarensa. Ban ga kayanka ba, amma alamu ukun da ka kawo duk ana samun su ko da kayan na asali ne, kuma zan fara da ƙwanƙwasar saboda ita ce mai haɗari.

A wannan mota, wadda BMW ta ƙera daga 1998 zuwa wajen 2006, akwatin aksil da hannuwan ƙafa na sama da na ƙasa suna rataye ne a jikin wani ƙaramin shasi, shi kuma an ɗaure shi da manyan notuna huɗu a fallen ƙarfen da ke ƙarƙashin but. Wannan falle ya yi ƙaurin suna wajen tsagewa a kewayen wuraren ɗaurin, galibi yana farawa daga na baya ta hannun hagu, har ta kai masu irin motar a Amurka sun shigar da ƙarar haɗin gwiwa, aka sasanta a 2009 kamfanin ya amince ya duba motocin ya gyara waɗanda suka tsage. Injin motarka yana fitar da ƙarfin murɗi na niyutan-mita 300, wanda giya ta ɗaya da giyar aksil ke ninkawa fiye da sau goma kafin ya isa taya, kuma duk wannan ƙarfi a kan wuraren nan huɗu yake ƙarewa. A da, tattausar robar kamfani tana shanye wani kaso na fizgar. Yanzu da ka sa mai tauri, fizgar tana dukan fallen kai tsaye. Saboda haka ka ajiye motar, a wanke ƙarƙashinta tas, a ɗauki tocila a bi kewayen kowane noti ana neman siririn layi mai launin tsatsa, sa'an nan a yaye shimfiɗar but a duba ko ɗigon waldar kamfani ya fara ɓallewa. Tsagar farko takan yi sirantar gashin kai, kuma datti yana ɓoye ta.

Idan an same ta, babu gajeriyar hanya: sai an sauke ƙaramin shasin baki ɗaya, an sauke tankin mai da ke kusa da wurin, an cire duk abin da wuta za ta kama a cikin but, an huda ƙaramin rami a ƙarshen kowace tsaga domin ta daina tafiya, kafin a yi walda a ɗora fallayen ƙarfafawa a shafa fenti. Ka nemi mai waldar lantarki da ya saba da siririn ƙarfe, domin waldar gas tana gasa yankin gaba ɗaya ta bar shi da rauni fiye da yadda ta same shi, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ni a ganina duk mai shirin wasa da E46 ya kamata ya yi wannan ƙarfafawa ko da bai ga tsaga ba, kafin ya kashe ko sisi a kan shokazoba. Idan kuwa fallen lafiyarsa lau, to a koma kan bushin akwatin aksil da mazaunin shokazoba na sama, domin su ma suna yin irin wannan ƙara.

Yanzu ga tsarin ɗaurin, wanda nake ba ka shawara a sake shi daga farko. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a tsayar da motar a daɓe mai laɓai, wato wanda bai karkace ba, a auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar cibiyar taya da bakin bodin da ke samanta, hagu da dama, a rubuta a takarda. A ɗaga motar a ɗora ta a kan matokaran ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ba, ba kuma a kan bulo ba. Bulon siminti ba ya gargaɗi kafin ya fashe, kuma wanda ke kwance a ƙasa ba ya samun damar mirginawa. Akwai wani dogon hannu da ya taso daga gaban kowace tayar baya, wanda kansa ke cikin wani ƙoƙon ƙarfe mai notuna uku a jikin bodi. Ramukan notunan nan dogaye ne da gangan, domin ta nan ake daidaita inda taya ke fuskanta, don haka a zagaye ƙoƙon da alli ko fenti kafin a taɓa shi. Ina kyautata zaton ba a yi wannan ba a taka motar.

Sai babban batu, wanda shi ne bakanikai da yawa ke tsallakewa saboda gaggawa. Bushin roba na kamfani ba ya juyawa a kan bol ɗinsa kamar ƙyauren ƙofa. Robar manne take da bututun ƙarfe na ciki da na waje, kuma idan hannu ya yi sama ko ƙasa, murɗewa take yi ta dawo. Idan aka ɗaure notin tamau alhali motar tana rataye, ƙafafunta sun zubo ƙasa, to da zarar an sauke ta robar za ta kwana a murɗe ta tashi a murɗe, kowane rami kuma ya ƙara mata a kan wanda take ciki. Na koyi wannan da kunya lokacin da nake yaron gareji. Na taɓa sauya wa wata mota bushin baya, na ɗaure komai tun tana kan matokarai, har ina jin daɗin na riga abokaina gamawa. Ba a yi wata biyu ba mai motar ya dawo da ƙara. Ogana bai ce da ni uffan ba. Ya fitar da bushin, ya ɗora a kan benci, ya yanka shi biyu da zarto, ya miƙo mini. Robar tana nan baƙa wuluk, sabuwa fil, ko ƙura ba ta shige ta ba, amma ta yage a zagaye daga jikin bututun ciki kamar an bi ta da reza. Ya ce in sa rabin a aljihu in riƙa taɓawa duk lokacin da na ɗauki sifana.

Abin da ya kamata shi ne a ɗaura dukkan hannuwa a bar notunansu sakwa-sakwa, a sauke motar, a tura ta gaba da baya ta zauna, sa'an nan a shiga rami a ɗaure su nauyinta yana kan tayoyinta. Inda babu rami, a sa jak a ƙarƙashin cibiyar taya a ɗaga ta har tazarar nan ta yi daidai da tsayin da motar za ta riƙa zama a kai, a ɗaure a haka. BMW ma ta ƙayyade lodin da take so a cikin mota yayin wannan aiki da yayin alaimen: kilo 68 a kowace kujerar gaba, kilo 68 a tsakiyar kujerar baya, kilo 21 a but, tanki kuma a cike. Buhun siminti kilo 50 ne, saboda haka buhu ɗaya da sulusi ya isa kowace kujera. Wuri ɗaya ne wannan dabara ba ta aiki, wato bol ɗin tsakiyar ƙoƙon dogon hannu, domin idan ƙoƙon ya shige cikin bodi sifana ba ta kai gare shi. Shi sai a daidaita kusurwarsa da miƙaƙƙen ƙarfe a ɗaure shi tun yana waje. Kuma a yi dukkan ɗaurin da sifana mai awon ƙarfi bisa adadin da littafin gyaran motar ya bayar, a daina dogara da bututun da ake zura wa sifana yaro ya hau kai.

Game da foliyuretan, shi yana juyawa a kan bututunsa, don haka batun murɗewa bai shafe shi ba, sai dai yana buƙatar giris na silikon, in ba haka ba ya yi ta kuka kamar tsohon gado, musamman idan ƙurar hunturu ta shige shi. A mazaunin ƙaramin shasi yana da amfani, muddin an ƙarfafa fallen. A kan dogon hannu kuwa ba na son sa, domin wannan hannu ba sama da ƙasa kaɗai yake yi ba, yana ɗan karkata gefe yayin da ƙafa ke aiki, taurin robar kuma yana hana shi, sai ƙafar ta riƙa cijewa tana saki. Tunda kana hawan motar a titi, ka mayar da bushin roba na asali a wannan wuri, ka sa masa zobban nan na gefe da ke hana shi zamewa.

A kan tsayi, kada ka manta cewa a bayan E46 sifirin yana zaune ne a kan hannun sama, shokazoba kuma tana gefe ita kaɗai. Tunda sifirin yana can ciki nesa da taya, ba ya motsawa daidai da ita. A ƙaddara taya ta hau santimita 3 shi ya matse 2: kashi biyu cikin uku ke nan, kuma idan ana lissafin taurin da taya ke ji, ana ninka wannan kaso da kansa, ya zama huɗu cikin tara, wato ƙasa da rabin taurin da aka rubuta a jikin sifirin. Hakanan zagaye kaɗan a zaren mazauninsa yana sauya tsayin motar fiye da yadda ido ke zato. Idan kuma kayan da ka saya irin waɗanda sifirin ke nannaɗe da shokazoba ne, ka sani nauyin bayan motar gaba ɗaya ya koma kan mazaunin shokazoba na sama, wanda ba a ƙera shi domin ɗaukar kaya ba, sai an ƙara masa falle. Ga titunanmu masu ramuka da tudun rage gudu, ban ga dalilin sauke mota fiye da santimita 3 ba.

Cinyewar taya da rawar bayan mota kuwa abu guda ne ya haife su, wato alaimen. Mutane suna ɗora laifin a kan kamba, wato yadda saman taya ke jingina ciki idan an sauke mota, amma abin da ya fi cin taya da sauri shi ne fuskantarta. Idan gaban tayar baya ya buɗe waje ko da kaɗan ne, tana tafiya ne tana goga ƙasa a kaikaice, kuma bayan motar zai riƙa neman hanyar kansa a kan gudu. A fara tsayar da tsayi, a daidaita kamba tsakanin digiri 1.5 zuwa 2, daga nan a zo kan fuskanta, domin taɓa kowanne daga na farko yana sauya na ƙarshe. Gaban kowace tayar baya ya ɗan tsuke ciki da milimita 1 zuwa 2, kuma hagu da dama su zama daidai. Za a iya kusantar wannan da zare biyu da aka ja a gefen mota, ana auna tazarar zaren da bakin rim ta gaba da ta baya, amma wannan na isa wurin injin alaimen ne kawai. Kafin a fita, a tabbatar tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, ba su ɗame ba idan ƙafa ta zubo, ba sa kuma gogar taya idan ta hau, a ɗaure notunan taya a kan niyutan-mita 120.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina da Marsandi 190 da na sa wa injin da ya fi nata girma. Domin ta yi kyan tsayuwa, mun yanke zagaye biyu daga kowane sifirin baya. Yanzu tayoyin sun baje kamar ƙafar agwagwa, tana kuma dukan ƙasa a kan gargada. Wani ya ce a gasa sifirin gaba da wuta su ma su sauka su yi daidai. Mene ne shawararka? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, kada ka bari wuta ta kusanci sifirin. Ƙarfensa an dafa shi ne an sanyaya a kan ƙa'ida domin ya riƙa dawowa, kuma harshen wutar gas yana kashe wannan hali a daidai inda ya taɓa, sai ya ci gaba da zama a hankali har wata rana ya karye. Yankan ma da kuka yi yana da nasa lissafi: taurin sifirin yana ƙaruwa ne gwargwadon raguwar zagayen da ke aiki, ta yadda cire ɗaya daga cikin takwas yana ƙara tauri da kusan kashi 14 cikin ɗari, amma tazarar da ƙafa ke da ita kafin ta daki robar tsayawa tana raguwa fiye da haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa take dukan ƙasa. Bugu da ƙari, yankakken baki ba ya zama daidai a mazauninsa, kuma gajeren sifirin yana iya ficewa idan ƙafa ta zubo gaba ɗaya.

Abin takaicin shi ne ƙafar da kuka ɓata tana cikin mafi kyau a zamaninta. Wannan mota, mai lambar W201, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, ita ce ta fara fitowa da tsarin hannuwa biyar a kowace tayar baya, wanda daga bisani aka sa wa W124 da muka fi sani da Bi-but. A cikin samfurinta mai suna 190E 2.3-16 ne shahararren direban tsere Ayrton Senna ya ci tseren buɗe sabon filin Nürburgring na Jamus a 1984. Kamfanin ya bar wurin daidaita fuskantar taya a baya, amma bai bar na kamba ba, don haka idan an sauke ta da yawa, ba abin da zai miƙar da tayoyin sai hannun sama mai daidaituwa. Ka nemi sifirin na asali ko wanda aka ƙera domin ragin tsayi, tare da shokazoba da ta dace da shi. Idan ɗan ragi kake so, duba robar da ke saman sifirin: tana zuwa da kauri daban-daban, milimita 8 da 13 da 18, ana gane su da yawan ƙulli-ƙullin da ke gefensu. Hannuwa goma ne a bayan motarka, kowanne da bushinsa, kuma dukkansu sai motar na zaune a kan tayoyinta ake ɗaure su.

TAMBAYA: Malam, ni mazaunin Amurka ne, ina haɗa Ford Mustang ta 1967 a garejin gidana. Na cire sifirin falle-falle na baya, na sa aksil ɗin Ford mai inci 9 da hannuwa huɗu miƙaƙƙu da sandar Panhard. Na ɗiga waldar mariƙan amma ban cika ba. Da na gwada ta a unguwa sai na ji kakkarwa a ƙarƙashin kujera, kuma tayar dama tana gogar bodi idan motar ta nutsa. Me zan gyara kafin in cika walda? Daga wani mai karatu a Texas.

AMSA: Ƙanena, ka yi dabara da ba ka cika waldar ba, amma ka yi ganganci da ka hau titi a kan ɗigo, kada ka sake. Aksil ɗin da ka zaɓa, wanda Ford ta ƙera daga 1957 zuwa 1986 kuma har yau masu haɗa motocin tsere ke neman irinsa, ba shi ne matsalarka ba.

Kakkarwar daga furofela take. Gaɓar nan mai siffar gicciye da ke kowane ƙarshenta, idan tana aiki a karkace, tana ƙara gudu tana ragewa sau biyu a kowane zagaye, kuma abin da ke soke wannan shi ne gaɓar ɗaya ƙarshen ta kasance a kan kusurwa daidai da tata. A aikace, layin giyabos da layin hancin aksil su zama masu tafiya kafaɗa da kafaɗa: idan jelar giyabos ta sunkuya da digiri 3, hancin aksil ya ɗaga da kusan digiri 3. Kusurwar da kowace gaɓa ke yi da furofela kada ta gaza rabin digiri, domin ƙwayoyin cikinta su riƙa juyawa, kada kuma ta wuce digiri 3, bambancin da ke tsakanin biyun kuma kada ya haura digiri 1. Da yake hancin aksil yana ɗan ɗagawa idan an taka totur, akan bar shi ƙasa da lissafin da kimanin digiri ɗaya. Ma'aunin kusurwa na maganaɗisu ya wadatar, ko ma manhajar waya, da sharaɗin motar tana zaune a kan tsayinta na tafiya. Hanya mafi sauƙi ita ce ka cire shokazoba ka sa sandunan ƙarfe masu tsawon da shokazobar za ta kasance a kai idan motar ta zauna, wato kusan tsakiyar tafiyarta da ɗan rinjaye ga ɓangaren matsewa, ka yi dukkan awonka a haka.

Gogar tayar dama kuwa aikin sandar Panhard ne, wadda ta samo sunanta daga tsohon kamfanin motoci na Faransa. Kanta ɗaya yana jikin bodi ɗaya yana jikin aksil, don haka bakan gizo take zanawa idan mota ta nutsa, tana jan aksil gefe. Sanda mai tsawon santimita 90 da ke kwance laɓai, idan aksil ya hau santimita 7.5, milimita 3 kacal za ta ja shi. Idan kuwa tun farko ta karkace da digiri 10, jan zai kai kimanin santimita ɗaya ko fiye. Ka sa ta ta kwanta laɓai, ka kuma yi ta da tsawo gwargwadon yadda wuri ya ba ka dama. Wanda ba ya son jan gefe ko kaɗan sai ya koma ga tsarin da James Watt ya ƙirƙiro wa injin tururi a 1784, mai sanduna biyu da maɓalli a tsakiya, amma yana cin wuri da kuɗi. Ka auna daga wuri guda a kowane gefen bodi zuwa ƙarshen aksil, ka kuma auna a gicciye, domin ka tabbatar aksil bai karkace ba. Duk kan hannu mai zare ya shige bututunsa da aƙalla kaurinsa ɗaya da rabi.

Sauran abu biyu. Mustang ta wannan shekara ba ta da shasi dabam, bodin ne shasinta, saboda haka mariƙan gaba suna buƙatar faffaɗan falle da zai raba nauyi, tare da sandunan da ke haɗa gaba da baya ta ƙarƙashi. Idan kuma ka zo cika walda a jikin bututun aksil, ka zare sandunan ciki da boris, ka riƙa yin gajeren layi a nan ka koma can, kana barin ƙarfen ya huce, domin zafi a gefe guda yana tanƙwara bututun, tanƙwararren aksil kuwa boris zai yi ta ci.

TAMBAYA: Oga, bol ɗin hannun ƙasa na motata ya ɓace a gareji, na samo wani mai tsawo da kauri ɗaya, farin ƙarfe ne ma da ba ya tsatsa. Zan iya sa shi? Daga wani matashin bakanike a Kano.

AMSA: Yaro, juya kan bol ɗin ka karanta abin da aka buga. Lambar 8.8 tana nufin kowace murabba'in milimita ta ƙarfen tana jure jan niyutan 800 kafin ta tsinke, kuma tana fara miƙewa a kashi 80 cikin ɗari na hakan, 10.9 kuwa niyutan 1,000 ne da kashi 90. Yawancin manyan notunan ƙafa a motocin Jamus 10.9 ne. Farin ƙarfen da ya burge ka, idan an rubuta masa A2-70, niyutan 700 yake ɗauka, wato bai ma kai 8.8 ba, sai dai ƙyalli. Wanda babu rubutu a kansa kuwa ka bar wa masu ƙera ƙofa. A kayan Amurka layuka ake yi maimakon lamba: uku matsakaici ne, shida shi ne mai ƙarfi.

Ka duba zaren kuma, domin bol mai kaurin milimita 12 yana zuwa da tazarar zare 1.75 ko 1.5 ko 1.25, kuma noti na wani yakan shiga na wani zagaye biyu kafin ya cije, mai gaggawa ya matsa ya lalata duka biyun. Santsin jikin bol ne ya kamata ya zauna a cikin ramin mariƙi, ba wurin zare ba. Idan wanda ya ɓacen mai karkataccen zobe (washa) ne na daidaita kamba, to babu madadinsa sai irinsa. Ka ɗauki na ɗaya gefen ka shiga Ƙofar Ruwa wurin masu kayan Beljiyam ka gwada da idonka. Noti mai kulle kansa sau ɗaya ake amfani da shi, kuma kada ka shafa wa zare mai sai littafin ya ce a shafa, domin mai yana sa awon sifana ya matse fiye da kima. Idan ka gama ɗauri, ka ja layin fenti daga kan noti zuwa jikin mariƙi, ka ce wa mai motar ya dawo bayan kilomita 100 ka duba ko layin ya goce.